Shuanzi Ya Ƙoshi

Tan Baoshan bai taɓa cin banza ba tunda uwarsa ta haife shi, shi ya sa ranar da banza ta faɗo masa ya rungume ta hannu bibbiyu, bai tsaya duba bayanta ba. Kada a ga laifinsa da yawa. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarafa a birnin Luoyang na ƙasar Sin, aka wayi gari an garƙame ƙofa an sallame su, ga shi ya haura hamsin, gwiwa ta fara ƙara, ko gadi ba mai ɗaukarsa. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya rage wa ire-irensa, ya sami mota ya shiga ɗaukar fasinja, irin waɗanda ake kira ta waya.

A kasuwar tsofaffin motoci ya faɗa hannun Gou, wani dillali mai ƙaton tumbi wanda kullum za ka gan shi da gorar shayi a hammata. Gou ya yi ta zagayawa da shi, sai da ya ga ƙafarsa ta gaji, sannan ya ja shi can ƙarshen layi inda wata farar motar lantarki take tsaye, tsaf da ita, ko ledar kujerun baya ba a cire ba.

"Yaya Tan, wannan ba kowa nake nuna wa ba. Ka ga motar nan? Ba ita ce abin sayen ba, abin da ke biye da ita ne. Caji kyauta, mai saurin nan, a duk tashar kamfanin motar da ka ga dama, har tsawon rai."

"Tsawon ran wa? Nawa ko na motar?"

Gou ya tuntsire da dariya har shayi ya ɗigo masa a riga. "Kai dai ka cika tambaya kamar ɗan sanda! Na mai ita na farko mana. Shi kamfanin ya yi wa alkawari, ba wanda ya saya a hannunsa ba. Ranar da ka mayar da takardu sunanka, ranar kyauta ta ƙare. Saboda haka takardu ba ruwanmu da su. Mota taka, mabuɗi naka, suna nasa. Ka riƙa shiga da asusunsa kana ɗura wuta son ranka."

"Shi mai motar yana ina?"

"Ya tafi."

To, a garin nan kowa ya san "ya tafi" iri biyu ne. Akwai wanda ya tafi kudu neman aiki, akwai wanda ya tafi inda ba a dawowa. Tan ya sani sarai. Har ya buɗe baki zai ce ina, sai idonsa ya koma kan motar, ya haɗiye tambayarsa. Gou ya ba shi wata lambar waya ya ce, "Wayarsa tana hannun tsohuwarsa, Goggo Ruan. In manhajar caji ta waya ta nemi lambar shiga, can za a tura, sai ka kira ta ta karanto maka. Ba ta da fitina."

Washegari da hantsi ya kai motar tashar caji ta bayan kasuwar kayan miya. Ya jona igiya, manhaja ta nemi lamba, ya kira. Bugu ɗaya aka ɗauka, kai ka ce mai wayar a kanta take zaune.

"Goggo, ni ne Tan, wanda ya sayi motar. Ki yi haƙuri na dame ki, wai an turo lamba."

"An turo. Tsaya in sa tabarau." Ta karanto masa ɗaya bayan ɗaya, ta sake maimaitawa. Sannan ta ce, "Kana ina yanzu?"

"Bayan kasuwar kayan miya."

"Wajen masu kifi? Ai ya san wurin."

Tan bai tambaye ta wane ne ya san wurin ba. Ya tsallaka titi ya sha romon naman sa da gurasa, kafin ya gama suɗe kwano batir ya cika. Da ya dawo sai ya tarar da rubutu a allon motar: Shuanzi ya ƙoshi. Ya yi dariya shi kaɗai. Masu motocin nan sukan raɗa wa motarsu suna a manhaja, ya san da haka, amma Shuanzi? Ai wannan sunan ƙauye ne, wanda kakanni ke sa wa yaron da ake tsoron ba zai zauna ba, ma'anarsa ɗaurarre, wai a ɗaure shi a duniya kada ya kuɓuce. Yana cikin wannan dariyar wayarsa ta yi ƙara, ashe Goggo Ruan ce.

"Shifu Tan," ta ce, yadda ake kiran direbobi, "ya ƙoshi."

"E, Goggo, batir ya cika."

"Saƙon ya shigo nan ma." Sannan ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka canja sunan nan."

Matarsa Guihua da ta ga sunan sai ta taɓe baki. "Mota kamar amarya, suna kamar na ɗan akuya! Goge shi, fasinja za su yi maka dariya." Ya ce ta bar shi, wanda yake ci kyauta ai ba ya zaɓen kwano. Ta ce oho, kai ka sani.

Kyautar kuwa ta yi masa rana. Sauran direbobi suna lissafin lokacin da wuta ke araha, suna layi suna hamma, shi kuwa duk sa'ad da ya ga dama zai kutsa tasha ya jona ya fita. Abin da wasu ke zubarwa a caji shi ne abin da yake kaiwa gida, don aikin nan ba wani riba ce a cikinsa ba, motoci sun fi fasinja yawa. Suka sa masa suna Ɗan Gatan Kamfani. In ya shigo sai ka ji ana, "A ba shi hanya, surukin manaja ya iso!" Shi ko sai ya sauke gilashi ya ɗaga musu hannu kamar wani babban mutum. Ya ji daɗin wannan tsokanar fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Goggo Ruan kuma ta zama wani ɓangare na aikin. Saƙon da ke shiga wayar ɗanta yana faɗin tashar da aka yi cajin, don haka ta san duk inda motar ta kwana ta tashi. Ba kullum take kira ba, kuma ba ta daɗewa. "Yau a tashar jirgin ƙasa ya ci." Ko kuma, "Me ya kai shi Mengjin da wannan ruwan? A bi a hankali, hanyar nan santsi gare ta." Da farko abin yana ba Tan haushi, musamman in da fasinja a baya. Daga baya ya saba, har in an kwana biyu ba ta kira ba sai ya ji kamar ya manta wani abu a gida.

Wata rana bayansa ya riƙe, ya kwanta bai fita ba. Da la'asar sai ga kira.

"Shifu Tan, lafiya? Yau bai ci komai ba."

"Goggo, bayana ne ya ɗan matsa min. Motar tana nan, batir ɗinta ma bai yi ƙasa ba."

"To. To, ka huta. Ka sa ruwan zafi." Ta kashe.

Ya juya ya sake juyawa a kan gado, muryar nan ta hana shi sakat. Can ya miƙe yana cije baki ya ɗauki mabuɗi. Guihua ta biyo shi har bakin ƙofa tana faɗa. "Kai da ko takalmi ba ka iya sunkuyawa ka sa, ina za ka? Tsohuwar nan ta shanye ka ne?" Ya je tasha mafi kusa ya jona igiya a motar da ba ta bukatar komai, ya zauna a karkace har rubutun ya fito.

Da bikin tsakiyar kaka ya zo, lokacin da kowa ke kai wa manyansa wainar wata, Guihua da kanta ta naɗe kwali ɗaya ta tura masa. "Kai mata. Muna cin arzikin ɗanta, ko fuskarta ba mu sani ba, abin kunya." Bakinta ne kawai mai zafi.

Gidan yana hawa na huɗu a wani tsohon bene na ma'aikata, ba na'urar hawa. Wata 'yar tsohuwa siririya ta buɗe masa, gashinta fari fat, wayar ɗanta rataye a wuyanta da jan zare. Yana shiga ya ga abin da ya daɗe da sani. Hoton saurayi a kan kabad, baƙin ƙyalle a saman firam ɗin irin na mamaci, turare yana hayaƙi, lemo uku a faranti. Tan ya tsaya riƙe da kwali, kunya ta rufe shi, don ya gane ba mamaki ne ya kama shi ba.

"Zauna," ta ce. "Gou bai gaya maka ba ko?"

"Ya ce ya tafi."

"Ai bai yi ƙarya ba."

Ta zuba masa shayi ta ba shi labari, ba kuka ba komai, kamar mai tsince wake. Sunansa na makaranta Pei Zhiyuan, shi kaɗai ne, a zamaninsu ɗa ɗaya ake yarje wa mutum ya haifa. An haife shi bakwaini, kakarsa ta ɗaura masa jan zare a wuya ta ce Shuanzi, ɗaurarre ne, ba inda za shi. Ya girma, ya yi karatu, uban ya rasu, suka rage su biyu. Zuciyarsa ce ta tsaya a wurin aiki, bai cika talatin ba.

"Ni ce na ishe shi da tambaya. Safe, rana, yamma, Shuanzi ka ci abinci? Shuanzi ka ƙoshi? Da ya sayi motar nan sai ya sa mata sunansa don ya tsokane ni. In ta gama caji sai ya nuna min waya ya ce, Mama ga shi a rubuce, daga kamfani ma, sai ki bar ni in huta." Ta yi ɗan murmushi. "Ɗan banza."

"Goggo, to me ya sa kika sayar da ita?"

"Ni ban iya tuƙi ba. Tana nan ƙasa a tsaye, ganye yana zubo mata. Ban san mota tana shan wuta ko a tsaye take ba. Wata safiya wayarsa ta yi ƙara, na duba, sai na ga an rubuta Shuanzi yana jin yunwa." Nan ne muryarta ta karye. "Kullum sai ya turo. Yana jin yunwa, yana jin yunwa, ni kuma ina nan sama ban san yadda ake ba shi ba. Shi ne na ce wa Gou ya nemo min mai yawan fita, ban damu da farashi ba."

Allah sarki. Tan ya sunkuyar da kai yana kallon shayinsa. Ashe arahar da ya samu motar, wadda yake ta yi wa abokai alfahari da ita, daga nan ta fito.

Ta ce har yau ba ta je ofishin 'yan sanda ta cire sunansa daga rajistar gida ba. Sun aiko, 'yan kwamitin unguwa sun zo sun zo har sun gaji. "In ka je, katin shaidarsa suke karɓa su sa almakashi su yanke kusurwa, su miƙo maka. Daga nan layin waya ya mutu, komai ya mutu. Ni ba zan kai shi a sa masa almakashi ba." Tan ya ce haka ne, Goggo, haka ne. Da gaske yake tausayinta, amma yana saukowa daga benen ya kama kansa yana jin sanyi a rai cewa ba za ta je ba, ya ji ya tsani kansa.

Haka aka ci gaba har sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho. Sai kamfanin ya farga cewa motocinsa da yawa suna hannun waɗanda ba su ya yi wa alkawari ba. Sanarwa ta fito a manhaja: duk mai caji kyauta ya nuna fuskarsa a waya kafin ƙarshen wata, a tabbatar shi ne kuma yana raye, in ba haka ba a rufe. A tasha direbobi suka samu abin yi. "Surukin manaja, an raba auren ne?" Wannan karon Tan bai sauke gilashi ba.

Ya garzaya wajen Gou. Gou ko a jikinsa. "Haba Yaya Tan, wannan ne ya tayar maka da hankali? Kawo min hotonsa mai kyau. Ina da mutanen da za su sa shi ya ƙifta ido, ya buɗe baki, ya juya kai, har ya fi ni da kai rai. A ɗora a kwamfuta, a saita wayarsa a gaban allo, shi ke nan. Mutum nawa na yi wa haka!"

"Waɗancan masu motar suna da rai. Wannan fa uwarsa ce za ta gani."

"To ka biya kuɗin wuta kamar kowa, mu ga ko za ka kai bikin sabuwar shekara a kan titi."

Tan ya yi kwanaki yana juya maganar. A ƙarshe ya samo wa kansa hujja mai kyau: ai ba don kansa ba ne, don Goggo ne, in aka rufe asusun saƙo ya daina zuwa, da me za ta rayu? Hujjar gaskiya ce, shi ya sa ta yi masa daɗin riƙewa. Ya hau benen ya yi mata bayani yana kallon ƙasa.

"In ba a yi ba, saƙon zai tsaya?" Abin da ta tambaya ke nan.

"Zai tsaya, Goggo."

Ta shiga ɗaki ta fito da hoton Shuanzi da aka ɗauka ranar da ya karɓo motar, ta goge shi da gefen rigarta ta miƙa masa.

Suka zo da rana tsaka, shi da Gou, Gou yana haki yana zagin wanda ya gina bene ba na'ura. Ya ture faranti da kofuna ya kafa kwamfuta a kan teburin cin abinci, ya ja labule don kada haske ya ɓata aiki. Fuskar Shuanzi ta cika allon, a tsaye cak, tana kallonsu. Gou ya ce shi zai riƙa danna maɓallai, wani ya riƙe wayar daidai fuskar. Tan ya karɓa, hannunsa ya hau rawa, hoton ya ƙi zama cikin da'irar.

"Kai Yaya, sai ka ce mai zazzaɓi! Riƙe da kyau mana."

"Kawo," in ji Goggo Ruan. Ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu, ko motsi.

Wata muryar budurwa mai ladabi ta fito daga wayar. "Da fatan za ka ƙifta ido."

Gou ya danna. Shuanzi ya ƙifta ido.

Tsohuwar ta ja numfashi da ƙarfi kamar an watsa mata ruwan sanyi, amma hannunta bai girgiza ba.

"Da fatan za ka buɗe baki."

Ya buɗe, a hankali, ya rufe.

"Da fatan za ka juya kai hagu."

Ya juya, ya kalli wajen kicin, ya dawo da fuskarsa kan uwarsa. Da'irar ta zagaya ta zama koriya. Muryar ta ce an gode, an tabbatar mai asusun yana raye.

"Yauwa!" Gou ya buga tebur. "Ban gaya maka ba? Shekara guda cur, ka ci ka sha. Goggo, kin iya riƙe waya, da ke zan riƙa zuwa aiki."

Ba wanda ya taya shi dariya. Goggo Ruan ta ajiye wayar a hankali, idonta yana kan allon.

"A asibiti haka na yi ta ce masa," ta ce. "Shuanzi buɗe ido. Shuanzi buɗe baki ka yi min magana. Shuanzi juyo, ga ni nan. Har muryata ta dushe, bai yi ba. Da hannuna na rufe masa idon nan." Ta juyo ta dubi Tan. "Yau wata yarinya a cikin waya ta ce ya yi, ya yi."

Gou ya fara naɗe wayoyinsa.

"Ya buɗe baki bai ce Mama ba," ta ce. "Ku kashe shi haka nan. Ku je, na gode."

Da yamma Tan ya yi caji, kyauta, rubutun ya fito, ba ta kira ba. Washegari ma haka. Ya kira, ta ce lafiyarta lau, ta kashe. Guihua da ta ji abin da aka yi ba ta yi faɗa ba, ta dai dube shi ta ce, "Da ɗanka ne fa?" ta koma kan wanke-wankenta. Ya gwammace ta zage shi.

An kwana da yawa kafin kiran Goggo ya shigo, da safe, yana shirin fita.

"Shifu Tan, in ba ka da fasinja, zo ka kai ni wani wuri."

Ya same ta a ƙasa tana jira, ta sa rigarta ta fita, ta gyara gashi, da wata 'yar jaka a hannu. Ba ta taɓa shiga motar ba tunda ya saya. Ta zauna a gaba, ta shafa gefen kujerar, ta ce, "Ofishin 'yan sanda na unguwa."

Tan ya dube ta. Ya san me ke cikin jakar. Ya tayar da mota, suka hau titi. Ga abincin gidansa zai tafi, bayan an riga an tsallake binciken kamfani, bayan an riga an yi abin da aka yi. Ya yi ta danne maganar har suka tsaya a danja, sai ta kuɓuce masa.

"Goggo, saƙon zai daina zuwa fa."

Yana faɗa ya ji nauyin abin da ya faɗa, don ya san ba saƙon ne ya dame shi ba, ita ma ta sani.

"Na sani," ta ce. "Kai ma za ka fara biya. Na yi ta tunaninka, kai ne ka sa na daɗe ban kira ba. Ka yafe min, ɗana. Ba zan iya barinsa yana ƙifta wa mutane ido duk shekara ba."

Ita ce ma take ba shi haƙuri! Hawaye ya cika masa ido har na baya ya yi masa hon, don danja ta daɗe da sakinsu.

Ya ce zai raka ta ciki, ta ce a'a. Ya jira a bakin ƙofa. Da ta fito ta shiga mota sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa katin, kusurwa ɗaya a yanke, da ɗan guntun a gefe. "Yarinyar za ta jefa a kwando, na ce ta ba ni abina. Ba ta ji daɗi ba ita ma." Ta mayar da su jaka. "Sun ce sai labari ya zagaya kafin a rufe layin. Batir ɗinka ya yi ƙasa?"

"Ya yi rabi."

"Mu je ya ci."

Ya kai ta tashar bayan kasuwar kayan miya, wajen masu kifi. Ta ce ya nuna mata yadda ake yi. Igiyar ta yi mata nauyi, ya tallafa mata daga ƙasa, ita ta cusa da hannunta har ta ji ƙas. "Af, dama iyakar abin ke nan?" ta ce. "Da na sani ai da ni na riƙa ba shi." Wasu direbobi suka hango Tan za su fara tsokana, suka ga tsohuwar, suka fasa.

Suka zauna a cikin motar. Ya sayo mata romo, ta riƙe kwanon a cinya ba ta sha ba. Tana kallon lambar da ke hawa a allo kamar yadda uwa ke kallon yaro yana cin tuwo. Can wayar da ke wuyanta ta yi ƙara. Ta sa tabarau ta karanta, duk da ga shi nan ɓaro-ɓaro a gabanta, ta sake karantawa.

"To," ta ce. "Ka ƙoshi."

Ta fita da kanta. Tan ya taso zai taimaka, ta ɗaga masa hannu. Ta kama igiyar da hannu biyu ta ja, ta ƙi, ta sake ja har ta fita, ta tsaya rungume da ita.

"Kakarka ta ɗaure ka, ni kuma na ƙi kwancewa," ta ce wa motar. "Na kwance ka, Shuanzi. Je ka."

Ta rataye igiyar a mazauninta, ta cire jan zaren daga wuyanta ta naɗe shi a jikin wayar, ta kashe ta ta sa a jaka tare da katin. A hanyar gida ta ce wa Tan duk takardar da ake bukata ya kawo ta sa hannu, ya mayar da motar sunansa, ya goge wancan sunan. Ya raka ta har hawa na huɗu. A bakin ƙofa ta ce ya gaishe da mai ɗakinsa, ya kuma riƙa sa ruwan zafi a bayan nan.

Gou da ya ji labari ya yi ta kumfar baki, wai an yi asarar aikinsa. Takardu suka ɗauki lokacinsu, suka fito da sunan Tan Baoshan. Manhaja ta tambaye shi sunan da zai sa wa motar, ya daɗe yana kallon gurbin, ya bar shi ba komai.

Ranar da ya fara caji da asusunsa, ya shiga layi kamar kowa, ya biya kamar kowa, ba wanda ya kira shi surukin manaja. Da batir ya cika, allon ya rubuta an kammala caji. Tan ya ɗauko wayarsa ya ɗora a cinya yana jira ta yi ƙara. Yana nan zaune har na bayansa ya sauko ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce, "Shifu, in ka gama ka ba mu wuri."